M. G. Smith da Nazarin Naɗin Sarauta a Ƙasar Zazzau

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna aikin Michael Garfield Smith (1921–1993), masani ɗan ƙasar Jamaika, wanda ya yi bincike kan yadda ake naɗa masu muƙami da yadda ake tuɓe su a ƙasar Hausa. Ya yi bincike a Zazzau daga 1949 zuwa 1950, ya fitar da Government in Zazzau a 1960, sa'an nan The Affairs of Daura a 1978. Littafinsa na Kano kuwa bai fito ba sai 1997, bayan mutuwarsa.

Babban abin yabo a aikin nan shi ne ya raba siyasa, watau gwagwarmayar neman iko, da sha'anin tafiyar da mulki. Ya nuna cewa a tsarin Haɓe manyan muƙamai irin su Galadima da Wambai da Dallatu suna hannun babanni, waɗanda ba su da magada, balle su yi kwaɗayin gadon sarauta. Bayan jihadi kuwa, da gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa suka shiga takara, sai muƙami ya zama abin saka wa dangi da barori, sabon sarki yakan tuɓe mutanen wanda ya gada.

Amma akwai rauni a tushen wannan kwatanci. Smith ya ɗauki tsarin Abuja, wadda yau ake kira Suleja, a matsayin madubin Zazzau ta kafin jihadi, alhali kuwa 'yan'uwan Sarki Makau sun kafa mulkinsu ne a wata ƙasa dabam, cikin Gwari da Koro, ga kuma yaƙi a kullum. Da wuya a ce irin wannan ƙaura ba ta taɓa tsarin muƙamai ba. Haka kuma Yusufu Bala Usman ya soki yadda ya kasa tarihi gida biyu, Haɓe da Fulani, tamkar asali shi kaɗai ke bayyana wanda aka naɗa.

Saboda haka wajibi ne mai nazari ya riƙi tambayar Smith, watau wa ke naɗawa, wa ke tuɓewa, amma ya sake auna amsarsa da takardun Larabci na fada da kuma bakin talakawan da suka biya haraji.