Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

A 1918 Alista Kirauli, Baturen Ingila mai addinin Telema, ya sake rubuta Tawo Te Cin, littafin Lawo Tse na ƙasar Sin. Bai iya Sinanci ba. Fassarar Jemis Lege, ɗan mishan, ya bi, yana ta jan maganar tsohon zuwa nasa ra'ayi. A ganinsa bin Tawo da bin nufin kanka na gaskiya abu guda ne, tun da dukansu sun hana mutum kokawa da halittarsa. Akwai kama kam, 'yan'uwa. Amma Lawo Tse ruwa ya yaba, gama yakan gangara inda kowa ya raina. Kirauli kuwa ya kira kansa Dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Ita ma kalmar telema, wato nufi da Helenanci, tana cikin Addu'ar Ubangiji, a can kuwa nufin Uba ake roƙo.