Ƙasar da Aka Share Mutanenta: Sharhi a kan Hotunan Duwatsu da Ruwa

A shagunan ɗinki da na aski, daga Tambuwal har Kebbe, akwai wani irin hoto da ya mallake bango, ya kuma mallake fuskar waya: dutse mai tsayi da ruwa yana faɗowa fari fat, ko shuɗin tafki kwance a tsakanin tsaunuka. Wani na Suwizalan ne, wani na Gurara a Jihar Neja, wani na Matsirga kusa da Kafanchan. Ni ɗan Jabo ne, garin da ba shi da mafaɗar ruwa ko tafkin kan dutse, kuma daga nan nake son in auna wannan salo, in bayyana abin da ya iya da abin da yake ɓoyewa.

Gwanintar masu salon ba abar musu ba ce. Mai ɗaukar Gurara yakan kafa kyamara a kan abin tokara mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko biyu, har ruwan ya fito kamar nonon da ake tsiyayawa daga ƙwarya. Yakan jira fitowar rana ko la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da kowace tsaga ta dutse. Irin wannan aiki ya taɓa kare ƙasa. Hotunan kwarin Yosemite na Kalifoniya da Carleton Watkins ya ɗauka a 1861 suna cikin abubuwan da suka ja hankalin mahukuntan Amurka, har Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar keɓe kwarin a 1864. Gani ya kori ji.

Sai dai a kwarin nan ne aibin salon ya fi fitowa fili. A 1851, shekara goma kafin zuwan Watkins, wata rundunar masu ɗauke da bindiga ta shiga ta fatattaki mutanen Ahwahneechee da ke zaune a wurin. Shahararrun hotunan suka nuna kwarin kamar ba a taɓa hura wutar girki a cikinsa ba. Ansel Adams ya gaji wannan ido, ya kai shi ƙololuwa, mu kuma muka gada ta hanyar kalanda. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce a jira mai wanki ya tashi, a karkata kyamara ta kauce wa bukka.

Wannan sharewa tana da haɗari a gida ma. Duk wanda ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, da faɗuwar rana, zai iya ɗauko tafki mai sanyaya zuciya. Amma ruwan ya kwanta ne a kan gonaki da gidaje, kuma a watan Afrilun 1980 an harbe manoman da suka tsaya neman diyya. Hoton da ya ɗauko launin ruwan, ya kasa nuna ko alamar mutum a gaɓarsa, ya taimaka wa mantuwa ko da mai shi bai yi niyya ba.

Aibi na biyu ya fi shafar mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Salon ya koya wa ido cewa kyau yana tare da tsayi. A 1999 aka sa Dutsen Zuma a kan takardar naira 100, alhali fadama, wadda ke ciyar da mai riƙe da takardar, ba kasafai ake ganin ta cancanci bango ba. Matashi a Jabo yana da kyamara a aljihu, amma ba safai yake juya ta ga ƙasarsu ba. Ga gawo, itacen da ke kakkaɓe ganye da damina ya tsiro da sabo da rani. Ga tudun jar marmara da kwazazzabo ke ci kowace shekara. Ga tafkin da ke cika a Agusta, ya koma tsagaggen laka kafin Afrilu. Ga fadamun Gulbin Zamfara a yankin Kebbe. Idan yashi ya cike tafkin, ko masu gawayi suka gama da itatuwan, ba mu da shaidar da za mu ajiye a gaban hukuma.

Saboda haka ma'aunina ga hoton ƙasa tambayoyi biyu ne: wa ke rayuwa a nan, kuma me ke canzawa? Mafaɗar ruwa takan burge da hoto ɗaya. Ƙasa irin tamu tana buƙatar haƙuri: a tsaya a wuri ɗaya, a ɗauka da damina da kaka da bazara, a rubuta kwanan wata, a sake dawowa baɗi. A bar makiyayi da shanunsa a ciki, a bar mai ban ruwan albasa, domin girmansu ne zai nuna faɗin filin, kasancewarsu kuma ya nuna cewa filin yana da masu shi. Watkins ya sa majalisa ta ga kwarin da ba ta taɓa takawa ba. Fadamar Jabo ma tana da abin da za ta nuna wa masu mulki a Sakkwato, muddin aka ɗauke ta tare da manomanta.