Man Jirgi da Agogo Ake Auna Shi

Duk wanda ya tashi a birnin Zazzau ya saba da ƙugin ƙananan jiragen da ke shawagi a saman ganuwa. Na ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ne da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. Abin da mai kallo daga Ƙofar Doka ba ya gani shi ne aikin da aka sha a ƙasa, kuma mafi yawansa a kan mai ne.

Kafin matuƙi ya taɓa makunni, sai ya buɗe murfin tankin da ke kan fiffike, ya leƙa, ya tsoma sanda mai zane-zane ya ga inda ta jiƙe. Akwai allurar mai a gabansa, amma allura takan maƙale. Malalaci ne ke kallonta kawai ya ce komai daidai.

Daga nan sai ya durƙusa ƙarƙashin fiffiken da ɗan kofi garai-garai mai tsinke a tsakiya. Ya danna tsinken a wata 'yar ƙofa da ke gindin tanki, mai ya tsiyayo, ya ɗaga kofin wajen haske. Fetur ɗin ƙananan jirage, afgas, rina shi ake yi shuɗi don kada a rikita shi da man jet, wanda dangin kananzir ne. Ruwa matuƙin yake nema. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yakan kwanta a gindin kofi, ƙwaya-ƙwaya. Da damina yakan shiga ta murfin da robarsa ta tsufa, ko ya taru daga raɓa a tankin da ya kwana rabi, shi ya sa ake son cika tanki da yamma. In ya ga ko ɗigo, zai yi ta tatsa har sai mai ya fito tsab. In yana zargin an gauraya da kananzir, sai ya ɗiga a farar takarda: afgas yakan bushe nan take, kananzir kuwa ya bar tabon maiƙo. Wajen zuba mai ma sai an maƙala wa jirgi waya, domin a bushewar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa.

Lissafin ne ya fi burge ni. Direban mota in mai ya ƙare masa sai ya gangara gefen titi ya nemi 'yan bumburutu. Sama ba ta da gefe. Saboda haka matuƙi ba ya tsayawa a kan lita, awa yake ƙirgawa. A ce jirginsa na shan lita 36 a awa, yana da lita 144 da injin zai iya zuƙa: awa huɗu ke nan. Sai ya ware na tafiya, ya ware na zuwa wani fili in hazo ya rufe inda ya nufa, sannan ya keɓe ajiyar da ba a taɓawa, ta minti 30 da rana, 45 da dare. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato mai zuwa Kano daga Zariya gaba da gaba zai yi da ita, tafiya ta ƙara tsawo alhali nisan bai canza ba.

To me zai hana a cika tanki maƙil a huta? Nauyi. Kowace litar afgas tana kai kusan giram 720, kuma a zafin Afrilu iska kan yi sako-sako, jirgi ya daɗe yana gudu kafin ya ɗaga. Ga kuma rikicin ma'auni, galan da lita da kilo. A 1983 wani Boeing 767 na Kanada ya ƙare da mai a sama saboda an rikita kilo da fam, sai lallaɓawa aka yi ya sauka a Gimli ba injin da ke aiki.

A sama, ido na kan agogo. A jirage da yawa, kusan duk rabin awa matuƙi zai kunna famfon taimako, ya juya makunnin mai daga tankin hagu zuwa na dama, ya rubuta lokacin a takardar da ke ɗaure a cinyarsa. In ya sauka sai ya sake tsoma sandar nan, ya gwada da lissafinsa. In suka saɓa, injiniya zai ji labari kafin jirgin ya sake tashi.