Tara Hanyoyi Kafin Yanke Hukunci: Nazari a kan Jagoran Siddaway na Tsararriyar Bita

A shekarar 2019 mujallar Annual Review of Psychology ta buga wata doguwar maƙala ta masana uku, Andy Siddaway da Alex Wood da Larry Hedges, wadda ke koyar da yadda ake gudanar da tsararriyar bita. Abin da ake nufi da tsararriyar bita shi ne mai nazari ya kafa tambaya guda, ya rubuta sharuɗɗan binciken da zai karɓa da wanda zai mayar tun kafin ya fara nema, sannan ya tattaro duk abin da aka rubuta a kan tambayar, wanda aka buga da wanda ba a buga ba, ya tace, ya auna ingancin kowanne, ya fitar da hukunci ta hanyar da wani zai iya bin sawunsa ya isa inda ya isa. Maƙalar tana daga cikin jagororin da ake miƙa wa ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, wanda Larabawa ke kira ilmun nafsi.

Dalilin duba ta a mujallar nazarin addini shi ne cewa ɗalibi Musulmi a wannan fanni yakan karkata zuwa batun da ya shafi addininsa: tasirin sauraren Alƙur'ani ga mai damuwa, ko ruƙiyya, ko zikiri, ko azumi. Hukuncin da ya fitar kuwa ba ya tsayawa a kundi. Yakan fita zuwa wa'azi da saƙonnin WhatsApp da taken cewa kimiyya ta tabbatar.

Abin da jagoran ya kyautata ya fi bayyana idan aka ajiye shi kusa da babi na biyu na kundayen jami'o'in ƙasar nan, wato bitar ayyukan da suka gabata. A al'ada ɗalibi yakan jero wane ya ce, wane ma ya ce, ba tare da bayyana inda ya nemo su ba, ko nawa ya gani ya bari, ko me ya sa ya bari. Mai karatu ba shi da hanyar sanin ko ashirin da aka kawo su ne duk abin da ke akwai, ko kuwa su ne waɗanda suka yi wa marubucin daɗi daga cikin ɗari. Siddaway da abokansa sun toshe wannan ƙofa: a ambaci rumbunan bayanan da aka bincika da kalmomin da aka yi nema da su, a ƙirga abin da aka samu da abin da aka cire a kowane mataki, a sami mutum na biyu da zai tace da kansa domin a ga inda suka saɓa. Wannan ya yi daidai da ƙa'idojin PRISMA da suka fito a 2009 aka sabunta su a 2020, masu sharuɗɗa 27, da kuma rajistar PROSPERO ta jami'ar York da aka buɗe a 2011, inda ake ajiye tsarin bita tun kafin a ga sakamako.

Ɗalibin hadisi ba zai ji baƙunci a nan ba. Imamu Muslim ya bayyana ɗabaƙoƙin masu ruwaya da waɗanda zai dogara da su a muƙaddimar Sahihinsa kafin ya shiga babi na farko. Imamu Buhari bai rubuta nasa sharuɗɗan a fili ba, shi ya sa Ibnu Ɗahir al-Maƙdisi da al-Hazimi suka zo daga baya suna ciro su daga aikinsa. Daga Aliyu ɗan Madini (ya rasu 234H) zuwa Daraƙuɗni (385H), ilimin illoli ya ginu a kan cewa kuskuren ruwaya ba ya bayyana sai an tara dukkan hanyoyinta an gwama. Abin da malaman musɗalahi ke kira i'itibari, wato bin diddigin ruwaya don gano ko tana da mutabi'i ko shahidi, ɗan'uwa ne na kusa ga abin da jagoran ke koyarwa. Kamancin yana da iyaka, domin mai hadisi yana tabbatar da maganar da aka faɗa sau ɗaya a tarihi, mai bita kuma yana ƙiyasta girman tasirin da ke sauyawa daga jama'a zuwa jama'a. Amma horon zuciyar ɗaya ne.

Rauni na farko yana fitowa ne idan aka sauke jagoran daga Ingila da Amurka zuwa ƙasar Jega. A ƙaddara wata ɗaliba daga Firchin da ta yi digirin farko a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta wuce Sakkwato domin digiri na biyu, ta zaɓi tambaya a kan tasirin ruƙiyya ga 'yan mata masu firgita a makarantun kwana. Jagoran zai aike ta zuwa manyan rumbuna irin PsycINFO da Scopus, waɗanda ake shiga da kuɗin rajista mai yawa, da PubMed wanda nema a cikinsa kyauta ne amma maƙalu da dama da yake nunawa a kulle suke. Idan ta samu shiga, sai ta tarar da matsalar kalma: ruƙiyya ana rubuta ta da boko ta fuskoki uku ko huɗu, tofi da rubutun sha ba su da gurbi a jerin kalmomin nema, abin da uwa a Maiyama za ta kira shafar aljanu kuma an raba shi a ƙarƙashin sunaye daban-daban na asibiti. Abin da aka rubuta a kan batun a kusa da ita yana cikin kundayen da aka ɗaure aka jera a ɗakunan karatu na sassa a Sakkwato da Kano da Zariya, wasu da Hausa, wasu da Larabci, mafi yawansu babu su a intanet.

Gaskiya ne jagoran ya yi umarni da neman abin da ba a buga ba. Sai dai ya ɗauka cewa abin da ba a buga ba ƙaramin gefe ne na ilimin, alhali a nan shi ne mafi yawa. Ɗalibar za ta iya cika sharuɗɗa 27 ba tare da saɓa ko ɗaya ba, ta zana jadawalin tacewa mai kyau, ta ƙare da cewa babu bincike a kan batun a arewacin Nijeriya. Wannan hukunci ne a kan rumbun da ta bincika, amma za a karanta shi a matsayin hukunci a kan ƙasar. Malaman jarhu da ta'adili sun fi taka-tsantsan a irin wannan wuri, domin sun bambanta tsakanin mai nazari ya ce bai san wani mai ruwaya ba da ya ce ba a san shi ba. An soki Ibnu Hazmi saboda ya jahiltar da mutanen da gabas ta sani, shi kuwa daga Andalus labarinsu bai iso masa ba. Girman matsalar a fannin halayya sananne ne: Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu. Mafita ta kusa ita ce a wajabta wa ɗalibi binciken AJOL na mujallun Afirka da rumbunan Larabci irin Darul Manzuma, a kuma lissafa tafiya zuwa ɗakunan karatu na sassa a matsayin mataki na nema wanda ake rubuta ranarsa da abin da aka samu.

Rauni na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne ya fi shafar masu addini. Jagoran ya yi bayanin abin da Robert Rosenthal ya sa wa suna matsalar aljihun tebur a 1979: binciken da ya samu tasiri ana buga shi, wanda bai samu ba ana ajiyewa. Misalin da ya fi fito da ita shi ne na Turner da abokansa a 2008, inda suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon baƙin ciki da aka yi rajistarsu a hukumar magunguna ta Amurka. A mujallu, kashi 94 cikin 100 na abin da aka buga ya nuna nasara. A takardun hukumar, kashi 51 ne kawai. A can dalilin ɓoyewa riba ce da neman suna, kuma maganin da jagoran ya bayar na lissafi ne da faɗaɗa nema. Bai san da wani dalilin ba, wanda shi ne ke aiki a tsakanin Musulmi: kunya da girmamawa. Ɗalibin da ya gwada sauraren tilawa ga marasa lafiya bai ga bambanci ba zai ji nauyin rubuta haka, mai duba aikinsa zai ji nauyin sa hannu, editan mujalla zai ji tsoron a ce ya buga abin da ke rage darajar Littafi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma bayan shekara goma duk abin da ya rage a rumbu yabo ne.

Tarihin hadisi ya san wannan cuta da sunanta. An ruwaito cewa Nuhu ɗan Abi Maryam ya yi iƙirarin ƙirƙirar hadisan falalar surori ɗaya bayan ɗaya saboda ya ga mutane sun shagala da fiƙihun Abu Hanifa da Magazin Ibnu Ishaƙa sun bar Alƙur'ani. Niyyarsa a ganinsa kyakkyawa ce. Malaman musɗalahi kuwa sun sanya masu ƙirƙira don neman lada a sahun mafi cutarwa, domin jama'a na amince musu. Dogon hadisin falalar surori da aka jingina wa Ubayyu ɗan Ka'abu ya shiga tafsirin Sa'alabi da Wahidi da Zamakhshari da Baidawi, manyan littattafai huɗu, ba tare da yawansu ya ƙara masa ko ƙwayar zarra ta inganci ba. Haka Imamu Nawawi, a gabatarwar Arba'una, ya faɗi cewa hadisin falalar haddace hadisai arba'in mai rauni ne a wurin hafizai duk da yawan hanyoyinsa, alhali a kan al'adar tara arba'in ɗin yake gina littafinsa. Irin wannan adalci ga abin da ya saɓa wa son zuciyar marubuci shi ne abin da jerin sharuɗɗa ba ya iya dasawa.

Akwai misali na zamani da ya kamata a riƙa karantawa tare da jagoran. A 2018 Ghiasi da Keramat sun buga tsararriyar bita a kan tasirin sauraren Alƙur'ani ga damuwa, suka tara bincike 28, mafi yawansu daga Iran, domin sun bincika rumbunan Farisanci tare da na Ingilishi. Kusan dukkansu sun nuna raguwar damuwa. Marubutan da kansu sun yi gargaɗi a kan raunin tsarin binciken da suka tara. Wanda ya yi karatun illoli, idan ya ga hanyoyi 28 sun dace haka, tambayarsa ta farko ita ce ina madararsu, wato ina suke haɗuwa: ƙasa ɗaya, ma'auni kusan iri ɗaya, masu bincike da ke fatan sakamako ɗaya, marasa lafiya da suka san abin da ake saka musu kuma suka san amsar da ta dace da mumini. Wannan ba ya nufin tasirin babu shi. Yana nufin adadin 28 bai kai nauyin da ake ba shi ba.

A nan ne ya wajaba malamin addini ya shiga zauren da ake horar da waɗannan ɗalibai, domin akwai rarrabewar da jagoran ba shi da hurumin yi. Kasancewar Alƙur'ani waraka magana ce ta nassi, kuma imani da ita bai rataya a kan gwaji ba. Abin da gwaji ke aunawa shi ne makin da majinyaci ya samu a takardar tambayoyi bayan ya saurari karatu na 'yan mintuna kafin tiyata. Idan makin ya sauka, wahayi bai ƙaru ba, idan kuma bai sauka ba, bai ragu ba. Binciken Herbert Benson na 2006, wanda ya haɗa majinyatan zuciya 1,802 a Amurka, bai samu tasirin addu'ar da wasu Kiristoci suka yi musu daga nesa ba, har ma waɗanda aka shaida wa cewa ana yi musu addu'a sun ɗan fi samun matsala. Duk wanda ya jingina aƙidarsa ga irin wannan ma'auni ya ba da ita jingina ga sakamakon gwajin baɗi. Ɗalibin da aka fahimtar da haka zai iya rubuta cewa bai ga bambanci ba, zuciyarsa a kwance, kuma da shi ne kaɗai aljihun tebur zai buɗe.

Saura wani abu da jagoran ya wuce da sauri. Ma'aunan ingancin da ake amfani da su suna duba tsarin bincike, wato abin da ya yi kama da dabɗi, amma suna ɗaukar adalar mai binciken a matsayin abin da aka gama. Diederik Stapel, farfesa a jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, an gano a 2011 cewa ya shafe shekaru yana ƙirƙirar alƙaluma, aka janye maƙalunsa fiye da 50. Maƙalun nan da sun tsallake kowane jadawalin tacewa, domin a takarda tsarinsu ba shi da aibi. Musulmi sun rubuta mujalladai a kan halin masu ruwaya, daga Tarihul Kabir na Buhari zuwa Tahzibul Kamal na Mizzi. Shafin Retraction Watch, wanda ya bayyana a 2010, yana tara makamancin haka. Ɗalibar Firchin tana buƙatar duba shi a kan kowace maƙala da ta karɓa, ta kuma duba ko mujallar da ta buga tana cikin waɗanda ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba, domin batutuwan addini da lafiya sun yawaita a irinsu.