Lillian da Dorothy Gish: Hukunci Bisa Rabin Shaida

Masu rubuta tarihin silima sun saba raba 'yan'uwan nan mata biyu na Amurka gida biyu. Su kan ce Lillian, wadda aka haifa a 1893, ita ce gwanar wasan ban tausayi, ƙanwarta Dorothy kuwa, ta 1898, ban dariya kaɗai ta iya. Wannan hukunci yana bukatar a sake dubansa.

Tun suna yara suke wasan kwaikwayo a dandali. Tare suka shiga silima a 1912, cikin An Unseen Enemy na D. W. Griffith, a zamanin da hoto ba ya magana. Gwanintar Lillian ba abin musu ba ce, ga Broken Blossoms na 1919 shaida. Amma fa wasannin ban dariya da Dorothy ta yi suna da su, yawancinsu sun ɓace. Har Remodeling Her Husband na 1920, wanda Lillian da kanta ta shirya wa ƙanwarta, babu shi yau. Ashe kuwa an auna su ne da mudu biyu, ɗaya cike, ɗaya ya zube.

Inda ya fi dacewa a gwada su shi ne Orphans of the Storm na 1921, labarin marayu biyu a zamanin juyin mulkin Faransa. Dorothy ce makauniya, an tilasta mata bara tana waƙa a titi. Lillian na bisa bene, ta jiyo muryar, ta gane ta. Mai kallo bai ji kome ba, amma ya tabbata an yi waƙa, domin ɗaya ta nuna furtawa, ɗaya ta nuna sauraro. In aka cire Dorothy, fuskar Lillian ba ta da abin amsawa. Mai nazarin harshe zai ga a nan cewa zance aikin mutum biyu ne, ko da babu sauti.

Dorothy ta rasu a 1968, Lillian sai 1993, watau ta sami ƙarin shekara 25 tana ba da labarin zamanin nan. Ita kanta ta sha yabon ƙanwarta. Ya kamata malami, kafin ya ce wa ɗalibai wance ta fi wance, ya fara gaya musu abin da ya rage a hannu da abin da ya salwanta.