Imfiraji: Tsakanin Aji da Bakin Kasuwa

Mun lura cewa duk lokacin da aka ambaci Waƙoƙin Imfiraji na Alhaji Aliyu Namangi a aji, ɗalibai da yawa sukan ɗauke su waƙoƙin bara kawai, saboda a bakin makafi suka fara jin su, a tasha ko ƙofar masallaci. Manufarmu a wannan 'yar maƙala ita ce mu nuna cewa abin da ake yi wa kallon naƙasa shi ne ƙarfin waƙoƙin.

Namangi mutumin Zariya ne, makaho tun yana yaro, ya rasu a 1990, bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Sunan waƙoƙin daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci. Ta fuskar jigo, ya bi sawun malaman jihadi na ƙarni na 19: yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tuna mutuwa, da gargaɗi kan ruɗin duniya. To, me ya sa nasa wa'azin ya shiga kasuwa, alhali na wasu ya tsaya a zauren malamai?

Amsa ta farko tana ga kari. Manazarta sun daɗe suna auna Imfiraji da ma'aunin ramal na arulin Larabci, amma Russell Schuh ya danganta karinta da na caji, wato kiɗan nishaɗi da samari ke so a zamanin. Mu muna ganin wannan ra'ayi ya fi bayyana karɓuwar waƙoƙin. Mawaƙin ya ari muryar da kunnen jama'a ya saba da ita, ya ɗora mata saƙon da zai janye su daga shagala. Da ɗan gari akan ci gari.

Amsa ta biyu tana ga tsari. Baitocin 'yan biyar-biyar ne, kuma babban amsa-amonsu shi ne "ba". A Hausa wannan gaɓa ce ke rufe jimlar korewa. Saboda haka sau da yawa baiti yakan gangaro ya ƙare da kore wani abu: abin da bai dawwama ba, ko wanda bai dace ba. Ashe amsa-amon kansa wa'azi yake yi tun kafin a tsaya kan ma'ana.

Sai dai ba za mu ce babu abin dubawa ba. Tsawon waƙoƙin ya jawo maimaici, kuma akwai inda larurar amsa-amo ta ja ragamar jimla. Amma a yi adalci: mai karatu da ido ne maimaici ke gundura. Mai saurare da ya tsaya minti biyar a tasha, maimaicin ne ke ba shi abin tafiya da shi gida.

Wannan ya kawo mu ga manhajarmu, wadda ta raba waƙa gida biyu, ta baka da rubutacciya. Ina za mu ajiye mawaƙin da ya tsara a ka, wasu suka rubuta, aka buga a Zariya, sannan makafi suka mayar da ita baka? Shawararmu ga malamai ita ce, kada a koyar da Imfiraji daga takarda kaɗai. A sa ɗalibi ya ji an rera ta, sa'an nan ya buɗe littafi.