Jinjina ga Ned Jarrett, Direba Mai Sharhi

Direbobin da ke ɗaukar albasa daga Madawa, da masu bin hanyar Buza da Keita, sun san daɗin jin labarin tuƙi daga bakin wanda ya riƙe sitiyari. Ned Jarrett irin wannan mutumin ne. Sau biyu yana zama zakaran tseren motoci na NASCAR a Amurka, a 1961 da 1965. A tseren Darlington har ratar zagaye 14 ya ba wanda ya zo na biyu.

Da ya koma sharhi a talabijin, natsuwarsa ce ta sa mutane suka yarda da shi. Amma a tseren Daytona na 1993, ɗansa Dale na gaba a zagayen ƙarshe, wani direba mai suna Earnhardt na binsa a gindi, sai uba ya mance da aikin jarida, ya shiga yi wa ɗansa jagora ta makirufo. Wa zai ga laifinsa? Dale ɗin ne ya ci.